Otal a jikin filin wasa: wane kuɗi ne dokar ƙwallo take lissafawa, wane ne take watsarwa?

Wani matashi mai gidan kallon ƙwallo a Wunti, cikin garin Bauchi, ya aiko mini da wannan tambaya: "Malam, musu ya kaure a wurinmu har an kusa ɓatawa. 'Yan Arsenal da 'yan United sun ce Chelsea maguɗi ta yi da ta sayar wa kanta otal don kada a cire mata maki. 'Yan Chelsea kuma sun ce ai Manchester City ma otal ta sa a jikin filinta, ba wanda ya ce uffan. Shin dokar kashe kuɗi tana ɗaukar kuɗin otal a matsayin kuɗin kulob? In tana ɗauka, me zai hana Wikki Tourists, kulob ɗinmu na Bauchi, ta gina nata?"

Ƙanena, na ji daɗin tambayar nan, domin aikina ke nan, duba littattafan kuɗi na kamfanoni, kuma ƙwallo ta daɗe a jinina. Abin da ya sa musunku ya ƙi ƙarewa shi ne kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, amma ba abu ɗaya suke magana a kai ba. Idan aka ce "kuɗin otal", kuɗi iri uku ne aka cure wuri guda: wanda aka kashe wajen gina shi, wanda yake shigowa kullum daga masu kama ɗaki da masu cin abinci da masu taro, da kuma wanda aka karɓa ranar da aka sayar da ginin. Ka ɗauke shi kamar saniya. Sayenta daban, tatsar nononta daban, kai ta kara a sayar daban. City saniya ta saya don ta riƙa tatsa. Chelsea kuwa sayar da tata ta yi, kuma wanda ya saya ɗan gida ne, tukunyarsu ɗaya. Doka ba ta yi musu kallo iri ɗaya, kuma bai kamata ta yi ba.

Sai ka san abin da dokar take gudu kafin ka gane hukuncinta. Hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta amince da tsarin da ake kira FFP a 2009, zamanin shugabancin Michel Platini, aka fara aiki da shi daga 2011. Gundarinsa shi ne kada kulob ya kashe fiye da abin da yake samu, sai ɗan giɓin da aka yafe. Gasar Firimiya ta Ingila ta kafa nata a 2013, wanda aka fi sani da PSR: kada asarar kulob ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku, kuma miliyan 90 daga ciki sai mai kulob ya cike da aljihunsa. Wannan ce dokar da ta ci Everton maki 10 a Nuwamban 2023, aka rage zuwa 6 bayan ɗaukaka ƙara, ta kuma ci Nottingham Forest maki 4 a Maris ɗin 2024.

To da zarar ka ce wa mutum kada ya kashe fiye da samunsa, tambayar da za ta biyo baya ita ce: mene ne samun nasa? Nan gizo ke saƙar. A ce attajiri yana da kamfanin siminti ko rijiyar mai, ya saya kulob, sai ya ɗauko kamfanin ya sa shi ƙarƙashin sunan kulob ɗin a takarda. Gobe da safe kulob ya wayi gari da "samu" na biliyoyi ba tare da ya sayar da tikiti ko riga ɗaya ba. Da an bar wannan ƙofa a buɗe, da dokar ta mutu tun ranar haihuwarta. Shi ya sa UEFA ta ware abin da ta kira harkokin da ba na ƙwallo ba, ta raba su gida biyu: masu alaƙa da kulob da marasa alaƙa. Marasa alaƙa ana cire su daga lissafi gaba ɗaya, ribarsu da asararsu. Masu alaƙa kuwa suna shiga.

Ma'aunin alaƙar igiya uku ce: aikin kulob, wurin kulob, ko sunan kulob. Dokar ma ta kawo misalai ƙarara na harkokin da suke cikin filin wasa ko sansanin atisaye ko dab da su, kuma otal na cikin jerin, tare da gidan abinci, zauren taro, shagunan haya da cibiyar kula da lafiya. Haka nan harkar da take amfani da suna ko tambarin kulob a fili. Saboda haka amsar sashen farko na tambayarka ita ce e, kuɗin da otal ɗin filin wasa yake kawowa yana shiga lissafin kulob. Ba ɓarauniyar hanya ba ce, a rubuce yake. In kawo maka shi gida: otal ɗin da aka manna a jikin filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa zai shiga, a irin wannan ma'auni. Wanda mai kulob ya gina can hanyar Jos, da wani suna daban, ba ruwansa da ƙwallo, ba zai shiga ba, ko da aljihu ɗaya ya gina su.

Amma akwai sharaɗin da masu musu ke tsallakewa, kuma a wurina ya fi na kusanci muhimmanci. Dole otal ɗin ya kasance cikin kamfanonin da ake haɗa lissafinsu da na kulob. Kusanci kaɗai ba ya mayar da kuɗin wani naka. Ka faɗa wa 'yan United na wurinku cewa akwai otal dab da Old Trafford, Hotel Football, da aka buɗe a 2015. Daga tagarsa kana hango filin, ranar wasa magoya bayan United ne ke cika shi. Amma ba na kulob ba ne, na tsofaffin 'yan wasanta ne irin su Gary Neville da Ryan Giggs da abokan kasuwancinsu. Don haka kuɗin ɗakunansa ba ya cikin samun Manchester United. United ce ta tara jama'ar, wasu ne ke kwasar cinikin.

Ko da ginin na kulob ne, sai an duba yarjejeniyar da ke tsakaninsa da masu gudanar da otal ɗin, domin kulob ba kasafai yake iya harkar otal da kansa ba. Idan haya ya bayar ga wani kamfani, to kuɗin hayar kaɗai ne nasa, cinikin ɗakuna na ɗan haya ne. Idan kuwa kamfanin kula kawai yake yi a biya shi ladan aiki, cinikin gaba ɗaya na kulob ne, amma albashin ma'aikata da wuta da gyara da duk faɗuwar da za a yi ma a wuyansa suke. Na sha ganin irin wannan a aikina: mutum ya nuna maka bene ya ce "nawa ne", ka buɗe takarda ka tarar abin da yake shiga asusunsa ɗan ƙalilan ne. Mai binciken kuɗi ba ya kallon tsayin gini, takardar yarjejeniya yake nema.

Yanzu ga inda zaƙin yake, wato kuɗin gini. Idan kulob ya sayi ɗan wasa a kan fam miliyan 100 da kwantiragin shekara biyar, ana raba kuɗin a littafi, miliyan 20 kowace shekara, kuma kowane kwabo yana cin kason da doka ta ba shi. Idan kuwa miliyan 100 ɗin nan gini ya yi da su, shi ma a littafi ana raba shi shekara-shekara a matsayin raguwar darajar gini, amma idan aka zo lissafin dokar kashe kuɗi sai a cire wannan, ba a ɗora wa kulob. UEFA tana cirewa, PSR ma tana cirewa, kamar yadda ake sassauta kuɗin da aka kashe a makarantar horar da yara, ƙwallon mata da ayyukan al'umma. Ka ga ke nan: kuɗin sayen saniya ba a lissafa maka shi a matsayin ɓarna, nonon kuwa ana lissafa maka shi a matsayin samu. Da gangan aka tsara shi haka, don a karkatar da attajirai daga zuba kuɗi a albashin da ke ƙarewa da kakar wasa zuwa abin da zai rage wa kulob ko bayan sun tafi.

Wannan ne ya sa kake ganin manyan kulob suna rububin gine-gine. Manchester City ta shiga aikin kusan fam miliyan 300 na faɗaɗa ɓangaren arewa na filin Etihad ya haura kujeru 60,000, da otal mai ɗakuna kusan 400 a jikinsa. Juventus tana da J Hotel da aka buɗe a 2019 kusa da filinta a birnin Turin. Tottenham, tun da ta buɗe sabon filinta a 2019, ta mayar da shi wurin da ake wasan ƙwallon Amurka da dambe da manyan bukukuwa. Dalilin duka ɗaya ne. Wasannin gida na Firimiya 19 ne a kaka, in ka haɗa da na kofuna da na Turai da ƙyar ka haura talatin. Sauran kwanaki sama da ɗari uku filin yana zaune, ana kashe masa kuɗin gyara da gadi. Otal ba shi da ranar hutu.

Ina goyon bayan wannan sassauci, amma ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Wanda yake da mai gida mai zurfin aljihu shi ne zai iya gina otal na ɗaruruwan miliyoyi, ya ƙara samunsa, ya ƙara kason sayen 'yan wasa. Ƙaramin kulob da ba shi da wanda zai ɗauki nauyin gini yana nan inda yake. Dokar da aka kafa don hana attajiri sayen nasara kai tsaye ta bar masa hanyar sayenta a hankali. Duk da haka, ni na fi son attajirin da zai bar gini a baya a kan wanda zai bar bashin albashi.

Sai dai kalmar "ba a lissafawa" tana yaudarar mutane. Ba a lissafawa a ma'aunin doka, amma banki yana lissafawa. Bashin da aka ci don gini sai an biya, kuma maganar kuɗin ruwa tana da nata rikicin. UEFA ta yarda a cire kuɗin ruwan bashin da aka ci kai tsaye don gini, amma sai ka nuna cewa don ginin aka ci shi. Wani ɓangare na shari'ar Everton a kan haka ya tsaya: kulob ya ce ruwan wasu basussuka na aikin sabon filinsa ne a Bramley-Moore Dock, kwamitin da ya saurari ƙarar bai karɓi hujjar ba, ya ƙiyasta asararsa a fam miliyan 124.5, wato ta haura iyaka da miliyan 19.5. Bambancin ɗan layi ɗaya a littafi ya koma maki a teburi.

Nawa ne ma otal yake ƙarawa a zahiri? Nan nake so ka nutsu, don nan ne zuzutawa ta fi yawa. A 2022 UEFA ta sauya FFP da sabon tsari mai ƙafa uku: kada a riƙe wa 'yan wasa ko wasu kulob ko hukumar haraji kuɗinsu bayan wa'adi, kada asara ta wuce yuro miliyan 60 cikin shekara uku, da ɗan ƙari ga kulob mai lafiyayyen asusu, sannan kada abin da ake kashewa a kan tawaga, wato albashin 'yan wasa da babban koci da kuɗin sayensu da ladan dillalai, ya wuce wani kaso na samun kulob. An fara da kashi 90 cikin 100 a kakar 2023/24, aka sauko 80, aka tsaya a 70 daga 2025/26. A wannan lissafi na ukun, harka irin ta otal ba da jimillar cinikinta take shiga ba, sai an fara cire abin da aka kashe kai tsaye wajen gudanar da ita.

Ga misali na ƙirƙira don ka gani da lamba. A ce otal ya yi cinikin fam miliyan 20 a shekara, ya kashe miliyan 15 a albashin ma'aikata, abinci, wanki, wuta da gyara. Da jimilla ake ɗauka, kashi 70 na miliyan 20 zai ba kulob damar ƙara miliyan 14 a kan tawaga. Amma da yake ragowar miliyan 5 ake dubawa, abin da ya ƙaru miliyan 3.5 ne kacal. A Firimiyar yau wannan bai kai albashin shekara na fitaccen ɗan wasa guda ba. Hikimar cirewar a bayyane take: da an bar jimilla, da kulob zai buɗe harka mai ciniki da yawa marar riba ko kaɗan don kawai ya kumbura lamba. Sannan in otal ɗin faɗuwa yake yi, faɗuwar ma ta kulob ce a lissafin asara. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kuma otal ba layar tsari ba ce. Filin Bolton Wanderers da aka buɗe a 1997 yana da otal a cikin ginin kansa, wasu ɗakunan ma suna kallon tsakiyar fili. Bai hana 'yan wasan kulob ɗin yajin aiki a 2019 saboda rashin albashi ba, har kulob ya faɗa hannun masu kula da kamfanin da bashi ya ci ƙarfinsa, ya kusa shafewa kafin a samu masu saye.

Wata dabarar da za ta zo wa mai wayo ita ce kamfanin mai kulob ya kama duk ɗakunan otal na shekara guda a ninkin farashi goma. An toshe wannan. Duk cinikin da aka yi da mai kulob ko danginsa ko kamfanoninsa sai an auna shi da farashin kasuwa, abin da ya haura a zubar da shi daga lissafi. Firimiya ta ƙara ɗaure nata dokar a kan haka a Disambar 2021, watanni biyu bayan asusun jarin Saudiyya ya jagoranci sayen Newcastle.

Sai mu zo kan Chelsea, wadda ita ce asalin musunku. Otal biyu ne a harabar Stamford Bridge, Millennium da Copthorne, gadon aikin gine-ginen Chelsea Village na zamanin tsohon shugaban kulob ɗin, Ken Bates. Shekara da shekaru kuɗinsu yana shiga lissafin kulob ba wanda ya ɗaga gira, domin nono ne ake tatsa. Bayan ƙungiyar masu jari ta Todd Boehly da Clearlake Capital ta sayi kulob daga hannun Roman Abramovich a Mayun 2022, aka yi ɓarin kuɗi wajen sayen 'yan wasa. Da aka zo rufe littafin kakar 2022/23, sai ga shi an sayar da otal ɗin biyu ga wani kamfani ɗan'uwa da ke ƙarƙashin BlueCo, wato masu kulob ɗin kansu, a kan fam miliyan 76.5. Asarar da za ta kai miliyan 166.4 ta dawo 89.9. Ginin bai gusa ba, masu shi na ƙarshe ba su canza ba, ɗaki ɗaya bai ƙaru ba. Daga aljihun dama aka mayar aljihun hagu, aka rubuta riba.

Shin maguɗi ne? A dokar Firimiya ta lokacin, a'a. Dokar ta yarda a lissafa ribar sayar da kadara muddin farashin ya yi daidai da na kasuwa, hukumar gasar ta duba ta amince. Duk wanda ya ce Chelsea ta karya doka bai yi mata adalci ba. Amma in ra'ayina kake nema, a matsayina na wanda ya ƙare rayuwarsa a kan littattafan kuɗi, abin ya saɓa wa manufar dokar. An kafa ta ne don a gane ko kulob zai iya ɗaukar nauyin kansa shekara bayan shekara, kadara kuwa sau ɗaya ake sayar da ita. Shekara ta zagayo, a Yunin 2024, sai aka ga an sayar da ƙungiyar mata ta Chelsea ga kamfanin iyayen gidan a kan kusan fam miliyan 200. Abin da ya fi damuna shi ne rashin daidaito: Everton da Forest sun rasa maki, wanda yake da otal a tsakiyar Landan ya tsira, ba don ya fi su tsimi ba sai don yana da abin sayar wa kansa.

Ba Chelsea ce ta ƙirƙiro dabarar ba. A gasar Championship, rukunin da ke ƙasa da Firimiya, aka fara cin kasuwarta, da filayen wasa kansu. Derby County ta sayar da Pride Park ga kamfanin mai ita a kan fam miliyan 80, Sheffield Wednesday ta sayar da Hillsborough a kan miliyan 60, Aston Villa ta sayar da Villa Park a kan miliyan 56.7. Wednesday ta sha hukuncin maki 12 a 2020, aka rage zuwa 6, amma ba don sayarwar ba, don ta sa cinikin a lissafin shekarar da ba tasa ba. Hukumar EFL mai shirya gasar ta rufe ƙofar a 2021. Ka lura da haɗarin da ke ciki ga magoya baya: da zarar fili ya fita daga sunan kulob ya koma na mai kulob, kulob ya zama ɗan haya a gidan da kakanninsa suka gina, ranar da mai gida ya tashi sayarwa kuma ciniki biyu za a yi.

Firimiya ta nemi rufe tata ƙofar a Yunin 2024, kulob 11 suka yarda, alhali 14 ake buƙata cikin 20. Ba abin mamaki ba ne, kowa yana tunanin ranar da zai buƙace ta. UEFA kuwa ba ta lissafa ribar sayar wa kai da kadara. Shi ya sa Chelsea ta tsallake a gida ta faɗa a Turai: a Yulin 2025 UEFA ta ci ta tarar yuro miliyan 31, miliyan 20 saboda asara, miliyan 11 saboda kason kashewa a kan tawaga, ta kuma ci Aston Villa miliyan 11. Littafi ɗaya ne, alƙalai biyu suka karanta shi da ma'auni biyu. A Nuwamban 2025 kulob ɗin Firimiya suka kaɗa ƙuri'ar barin PSR su koma tsarin kaso irin na UEFA daga kakar 2026/27, a kan kashi 85 cikin 100, kuma a sabon tsarin sayar wa kamfani ɗan'uwa da otal ba ya ƙara wa kulob kason kashewa. Kiɗa ya canza, rawar ma dole ta canza: otal ya koma amfaninsa na asali, wato abin da yake kawowa kowane dare.

Saura maganar Wikki, kuma ita ce ta fi taɓa ni. Da farko, waɗannan dokoki na UEFA da Firimiya ba su hau kan kulob ɗinmu ba. Abin da ya shafe mu shi ne tsarin lasisin kulob na hukumar ƙwallon Afirka, CAF, da na hukumar ƙwallon Najeriya, wanda a ɓangaren kuɗi ya fi karkata ga gabatar da lissafin da aka bincika da kuma rashin riƙe haƙƙin 'yan wasa da ma'aikata. Mu matsalarmu ba yawan kashewa ba ce, rashin samu ce. Don haka ba don kauce wa wata doka Wikki za ta so otal ba, sai don ta samu abin biyan albashi da kuɗin tafiye-tafiye ba tare da jiran sa hannun gidan gwamnati ba. Kuma tunaninka ba shirme ba ne. Kulob ɗin da ya ɗauko sunansa daga maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Yankari, aka kuma laƙaba masa Tourists, wato masu yawon buɗe ido, ai da baƙi aka raɗa masa suna. Garin nan ya karɓi baƙuncin gasar matasa ta duniya a 1999 da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, kuma Wikki ta ɗauki kofin ƙalubale a 1998. Suna akwai, tarihi akwai.

Abin da zai hana shi ne sharaɗin nan na Hotel Football, wato mallaka. Wikki ta gwamnatin jiha ce, filin ma na gwamnati ne, amma kasancewar uba ɗaya ya haife su bai sa kuɗin ɗaya ya zama na ɗayan ba. Haka lamarin yake ga Gombe United da filin Pantami. Idan gwamnati ta gina otal a harabar fili, kuɗin ya wuce baitulmalin jiha, kulob zai ci gaba da miƙa ƙoƙon bara kamar jiya, sai dai a ce ana hango otal daga benci. Ka dubi Remo Stars ta Ikenne a jihar Ogun, kulob mai zaman kansa da ke da filinsa da makarantarsa, wadda ta lashe gasar Najeriya a kakar 2024/25. Wanda yake da ƙasa shi ke iya shirin shekara goma.

Ni da za a nemi shawarata, ba da otal zan fara ba. Otal a nan yana nufin dizal ko sola dare da rana, ruwa, tsaro, da gogayya da waɗanda suka riga ka a harkar, kuma ranakun wasa ba za su cika maka ɗakuna ba, tunda baƙon kulob sau ɗaya yake zuwa a mako biyu. Zan fara da abin da ba ya cin kuɗin gudanarwa da yawa: shagunan haya a kewayen katanga, zauren taro da biki, wurin ajiye motoci, sai ƙaramin masauki na 'yan wasa da zai rage kuɗin kama ɗaki a waje, a riƙa bai wa baƙin kulob haya idan sun zo. Kafin duk wannan kuma sai a yi wa kulob rajista a matsayin kamfani mai asusun kansa, gwamnati ta ba shi hayar harabar na dogon zango a rubuce, yadda canjin gwamna ba zai rushe ta ba, a kuma riƙa buga lissafin shekara kowa ya gani. In ka samu zama da wani daga cikin shugabannin kulob, tambaye shi abu biyu: sunan wa ke kan takardar filin, kuma kuɗin ƙofa da na duk wata haya da ake karɓa a harabar, wane asusu suke shiga.